Rabin Awa a Rumfar Sitiroberi ta Kunozan

Duk wanda ya fara haɗuwa da sitiroberin Japan a manyan kantunan Tokyo zai ɗauka ba don ci ake noma shi ba. A hawa na ƙarƙashin ƙasa, inda suke baje kayan abinci, za ka tarar da shi kwance cikin akwati, kowane ɗa da ramin sosonsa don kada ya gogi ɗan'uwansa, girmansu ɗaya, jansu ɗaya, duk sun kalli gefe guda. Mai sayarwa ba ta ɗaga akwatin da hannu ɗaya. Mai saye kuma galibi ba gidansa zai kai ba: na suruki ne, ko na maigidan wurin aiki, ko na wanda ake bin bashin alheri. Akwai wani kanti a unguwar Nihonbashi mai suna Sembikiya, wanda tun 1834 yake sana'ar 'ya'yan itace, kuma a irin waɗannan wurare ana iya naɗe maka ƙwaya ɗaya tal a kuɗin da zai ciyar da kai abincin rana. Na kalla, na yi tasbihi, na ƙara gaba.

Da na sauka a Shizuoka wurin ɗan ƙanwata da ke karatu a can, tafiyar kamar awa guda daga Tokyo a jirgin ƙasa mai gudun tsiya, na ba shi wannan labari. Sai ya bushe da dariya.

"Kawu, ai rabin abin ka gani. Bari Asabar ta zo, in kai ka inda mutanen nan masu kunya ke cinsa hannu baka hannu ƙwarya."

Ƙarshen watan Maris ne. Sanyi ya fara sakin jiki, itatuwan sakura sun soma fure, yara kuma suna hutu domin a Afrilu ake buɗe sabuwar shekarar karatu a Japan. Wannan ne lokacin da iyalai ke fita abin da suke kira ichigo-gari: ka biya a ƙofar gona, ka shiga, ka tsinka da hannunka, ka ci iya cikinka nan take. Ana yinsa daga Janairu zuwa Mayu a kusan ko'ina cikin ƙasar, amma Kunozan, da ke bakin teku a kudancin birnin Shizuoka, daban take da sauran, kuma shi ya sa yaron ya zaɓe ta. Wani abokin karatunsa Bajapane mai mota ne ya ɗauke mu.

Hanya mai lamba 150 ta bi gaɓar mashigin Suruga. A hannu ɗaya ruwa ne iya ganinka, a ɗaya hannun dutse ne ya miƙe tsaye kusan daga bakin kwalta, kuma duk ƙirjinsa an lulluɓe shi da dogayen rumfunan leda, wata bisa wata, hawa-hawa, suna ƙyalli a rana. A bakin titi ga mata sanye da jajayen riguna, kowace riƙe da igiya mai balan-balan a siffar sitiroberi, tana wulwula ta a iska tana kiran motoci. Wannan ne wuri na farko da na ga Bajapaniya tana jan ciniki da ƙarfin tsiya. Direbanmu bai kula su ba, ya riga ya kama mana wuri ta waya, domin ranakun Asabar da Lahadi gonar da aka cinye 'ya'yanta da safe rufe ƙofa take yi, ko da rana ba ta take ba.

Wata tsohuwa ce ta tarbe mu a 'yar rumfar katako, gajera, da ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin malafa, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Muka biya kusan yen 2,000 kowane mutum. Ta miƙa wa kowa ɗan farantin roba mai rami biyu: rami ɗaya ta matsa masa madara mai kauri da zaƙi, irin ta masu shayi, ɗayan kuma ta bar shi wayam, na zuba hular ganyen da ke kan ɗan itacen. Sannan ta jero sharuɗɗa, yaron yana fassara mini. Rabin awa ne. A ci a ciki, ba a fita da ko ɗaya, ko a aljihu ko a jaka. Abin da aka tsinka a cinye shi. Kada a taɓa fure, kada a taɓa ɗanye. Ƙudan zuma kuma a ƙyale su, ma'aikata ne.

Muka bi ta a baya muka hau wata siririyar matakala tsakanin rumfunan. Mu muna haki, ita ko a jikinta.

Tana ɗaga ledar ƙofa, ɗumi da ƙamshi suka buge ni lokaci guda. Rumfar ƙarama ce, sai ka ɗan sunkuya, doguwa kuma siririya. Babu kunyar shuka a ƙasa kamar yadda na zata. Katanga ce a kishingiɗe, an jera falalen siminti a jikin gangaren, kowane falale da 'yan tsagogi a bakinsa, daga cikin kowace tsaga kuma tushen sitiroberi ya fito, ganye a sama, 'ya'ya suna reto a kan simintin. Tsohuwar ta kama hannuna ta ɗora a kan falalen. Ɗumi ne sosai, kamar an hura wuta a bayansa, alhali a waje iskar teku sai da rigar sanyi.

Sirrin wurin ke nan gaba ɗaya. Gangaren kudu yake kallo, rana na dukansa tun safe har yamma, dutsen da ke baya ya tare iskar arewa, teku kuma na rage kaifin sanyi. Katangar ta sha zafin rana ta riƙe, da dare ta mayar wa saiwa. Ruwa ba ya kwanciya, ɗan itacen ba ya taɓa laka. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne a 1896 wani mai suna Kawashima Tsunekichi, wanda ke jan keken ɗaukar babban mai kula da wurin bautar da ke saman dutsen, ya samu dashen sitiroberi daga hannun maigidan nasa, ya cusa shi tsakanin duwatsun katanga, sai ya ga ya yi 'ya'ya ana tsakiyar hunturu. A wancan zamani babu leda, babu na'urar ɗumama rumfa. Da farko da duwatsu mulmulallu na bakin teku ake gina katangun, daga baya aka koma siminti, amma dabarar ba ta sauya ba.

Kafin ta sake mu sai da ta koya mana tsinka. Ba a ja. In ka ja, reshen zai biyo ka, ka ɓata 'ya'yan da ke bayansa. Sai ka tallabi ɗan a tafin hannu, ka sa karan tsakanin yatsu biyu, ka juya tsininsa sama, ka ɗan karkata wuyan hannu. Ƙas! Ya rabu da kansa. Wajen zaɓe kuma ta ce kada girma ya ruɗe mu: a duba wanda ja ya kai masa har wuya, hular ganyensa ta ɗage ta juya baya, fatarsa na sheƙi. A leƙa ƙarƙashin ganye da can ƙarshen rumfa, inda malalata ba sa kaiwa. Sai kuma abin da kowane yaro a Japan ya sani: a cire hular a fara ci daga wuya, a ƙare da tsini, domin a tsinin zaƙi ya taru, kuma shi ake so ya zauna a harshe.

Irin da ke cikin rumfar Akihime ne, dogo mai tsini, wanda wani manomin Shizuoka, Hagiwara Akihiro, ya samar aka yi masa rajista a 1992. Na yi bisimilla na gatsa. Ɗumi ne da shi, ɗumin rana, kuma taushinsa ya wuce abin da na sani, haƙori bai gama shiga ba ruwa ya cika baki ya gangaro mini ta gefen gemu. Tsami kusan babu. Cikinsa fari-fari ne, ba ja ba. Wannan taushin ne ya sa ba ya jure doguwar tafiya a mota, shi ya sa masu gonakin tsinka ke ƙaunarsa: ɗan itace ne da ya fi kyau a ci shi a inda ya nuna. Wanda ake kai wa kanti tun bai gama nuna ba ake cire shi, sitiroberi kuma in ya bar uwarsa ja yake ƙarawa, ba zaƙi ba.

Ba a wanke shi. Na ɗan yi jim a kan wannan, na dubi na kusa da ni, na ga wata mata mai farar safar hannu da laima ta tuɓe safar tana jefa su baki ɗaya bayan ɗaya, sai na bi sahu.

Mutanen ne suka fi ɗan itacen ba ni sha'awa. Waɗannan da na gani a jirgin ƙasa kowa ya kame, ba mai tari da ƙarfi, ba mai cin ko alewa a tsaye, ga su nan a tsugune suna ta "oishii" da "amai", wato daɗi, zaƙi, da baki cike. Wani magidanci ya cika ramin farantinsa da hulunan ganye har sun yi tozo, yana ƙirga su da ɗan yatsa yana yi wa matarsa kuri. Ƙirgar nan al'ada ce, da ita ake sanin ko an fanshe kuɗin ƙofa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba ta rina gaban rigarta jawur, ta samo wani ƙato ta ƙi ci ta ƙi bayarwa, tana yawo da shi. Kakanta kuma ya tsaya wuri ɗaya, yana zaɓe a hankali, ya ci ɗaya ya lumshe ido ya daɗe kafin ya nemi wani.

A ganina abin da tsohuwar ke sayarwa a ƙofa izini ne. Ɗan itacen da aka saba gani ta bayan gilashi, ana lissafin kowace ƙwaya, ana yanka shi gida biyu a ɗora kan kek don ya isa kowa, yau an ce maka ga shi nan, ci har ka gaji. Kuma izinin ya tsaya ne a kan amana. Ta tafi ta bar mu, babu mai gadi, babu mai binciken jaka, ban ga ma wanda ya riƙe agogo ba. Da rabin awa ta cika mutane da kansu suka fara miƙewa suna kakkaɓe gwiwa. Na leƙa ƙasa ko zan ga wanda aka gatsa aka yar, ban gani ba.

Kan madara kuwa an rabu biyu. Abokin yaron nan ya ce tsoma Akihime a madara cin fuska ne ga wanda ya noma shi. Ɗan ƙanwata ya ce shi dai ya biya kuɗin madarar. Dabarar da na ga ƙwararru na yi ita ce su fara ci zalla, sai harshe ya gundura sannan su waiwayi madarar don ta sake buɗe musu ciki. Da muka fito na sa aka tambayar mini tsohuwar. Ta ce madara gadon zamanin da ne, lokacin da sitiroberi ke da tsami mai sa runtse ido. Suna yara a kwano ake zuba shi, a sa sukari da madara, a murƙushe. Har cokali na musamman aka ƙera don haka, mai shimfiɗaɗɗen gindi da 'yan ƙuraje don kada ɗan ya sulluɓe, aikin maƙeran garin Tsubame da ke lardin Niigata. Ta ce nata na nan a aljihun tebur, jikokinta ba su san amfaninsa ba.

Ta zuba mana koren shayi, wanda shi ma amfanin gonar Shizuoka ne, hira ta yi nisa. A nan na ji abin da ya fi ba ni mamaki: wannan da ake kira kayan marmarin bazara, asalinsa ba na Maris ba ne. In aka bar shi a fili, sai wajen Mayu yake nuna, masu gajerun waƙoƙin Japan da ake kira haiku ma cikin alamomin farkon lokacin zafi suke lissafa shi. Kirsimeti ce ta jawo shi baya. Duk da Kiristoci 'yan kaɗan ne a Japan, al'ada ta kafu cewa daren 24 ga Disamba sai an ci farin kek mai jan sitiroberi a kai, farashi kuma a lokacin yake kai ƙololuwa. Don haka manoma suka koyi yaudarar shukar. Sai ta ji sanyi da gajeriyar rana take shirin fure, to a da manoman lardin Tochigi kan kwashi dashensu a lokacin zafi su haura da shi tsaunukan Nikko ya sha sanyi, yanzu kuwa ɗakin sanyi mai duhu ake tura shi da daddare. Shukar ta ɗauka kaka ta yi, ta yi fure da wuri, a dasa ta a Satumba, a fara girbi tun Nuwamba.

"To yaushe ya fi daɗi, Iya?" na sa yaron ya tambaye ta.

Ta ce Janairu da Fabrairu, ba ta ko yi tunani ba. Cikin sanyi a hankali yake nuna, zaƙi ya samu lokacin taruwa. Da rana ta yi ƙarfi sai ya riƙa nuna da gaggawa, ruwa ya yi yawa, shi ya sa kuɗin ƙofa ke sauka daga Afrilu. Masu zuwa yanzu, in ji ta, rana da fure suka biyo. Ta faɗi haka tana murmushi, ta ƙara mana shayi.

Maganar sanyin nan ta tuna mini da manoman Chaha, kusa da Vom a Filato, waɗanda su ma cikin hunturu sitiroberinsu ke yi, kuma babbar damuwarsu ita ce yadda zai isa Abuja ko Legas bai narke a hanya ba. Manomin Kunozan ya warware tasa ta hanyar kiran mai ci ya zo gona da ƙafarsa. Lissafin a bayyane yake: tsinka, tantancewa bisa girma, jerawa cikin roba ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuɗin mota, duk baƙo ya ɗauke masa, ya kuma biya. Ga tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sauran aikin dai yana nan, kuma a kan gangare ake yinsa, a sunkuye, ana hawa da sauka da kaya a hannu. A yawancin gonakin Japan na zamani an ɗaga shukar a kan dogayen kwamaye daidai ƙugu, ƙasa a share, har keken guragu na shiga. Sun fi sauƙi ga manomi da baƙo. Amma ni da za a sake ba ni zaɓi, katangar nan mai ɗumi zan koma.

Ƙudan zuman da ta ce a ƙyale, amyarsu akwatin katako ce a kusurwar rumfa. Cikin leda babu iska babu ƙwaro, in ba su bi furen sun zagaye shi tas ba, ɗan zai fito a karkace, gefe ya kumbura gefe ya tsuke. Kyan surar da ake biya da tsada, rabinsa aikinsu ne.

Shi kansa sitiroberin baƙo ne a ƙasar. Jiragen ruwan Holan ne suka kawo shi a ƙarshen zamanin Edo, wato mulkin gidan Tokugawa da ya ƙare a ƙarni na 19. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin lambun fada, Fukuba Hayato, ya fitar da irin Japan na farko daga irin Faransa a lambun sarki da ke Shinjuku, aka killace shi ga gidan sarauta, sai a 1938 aka bari talaka ya noma wannan irin. Yau ma'aikatar gonarsu na cewa akwai iri kusan 300, kuma larduna gasa suke da su kamar ƙungiyoyin ƙwallo. Tochigi ce kan gaba wajen yawan noma tun 1968, tana da irin Tochiotome da Tochiaika, har cibiyar bincike ta sitiroberi zalla ta buɗe a 2008. Fukuoka na tinƙaho da Amaou. Shizuoka, bayan Akihime, tana da Benihoppe, wanda daga Akihime ɗin aka haife shi. Abokin yaron, ɗan Shizuoka ne gaba da baya, da na ambaci Amaou sai ya ce suna ne kawai.

Daga nan suka ce sai mun hau dutsen. Matakala 1,159 ce ta dutse, tana lanƙwasa hagu da dama, kuma ba na ba wanda ya cika ciki da ruwan sitiroberi shawarar ya tunkare ta kafin ya nemi bayi. A sama ne wurin bautar Kunozan Toshogu yake, inda aka fara binne Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin da ya riƙe Japan sama da shekara 260, bayan rasuwarsa a 1616. Ginin ya sha jan fenti da baƙi da ruwan zinariya, an sassaƙa kowane lungu. Masu ziyara na jefa kwabo, su sunkuya, su tafa hannu. Ni na koma gefe na kalli aikin sassaƙa, ba wanda ya dube ni. A gidan tarihin da ke wurin akwai agogon da Sarkin Sifaniya ya aiko wa Ieyasu a 1611, tukwicin ceton mutanensa da jirginsu ya fashe a gaɓar Japan. Daga kan matakalar, in ka waiwaya, rumfunan ledar na ƙarƙashin ƙafarka sun gangara har bakin ruwa.

A gindin dutsen shaguna ne jere, komai na sitiroberi: jam, askirim, lemo. Na tsaya a kan ichigo daifuku, wanda ya bazu a shekarun 1980. Shinkafa ce mai danƙo da aka kirɓa ta zama fata mai laushi, a ciki an shafa jan wake da aka dafa da sukari, a tsakiya kuma ɗan sitiroberi guda sukutum. Wake da sukari abu ne da sai an saba, amma ɗan tsamin da ke tsakiya yana yanke nauyinsa, kuma a nan na gane amfanin irin da ke da tsami. A rana ɗaya ake cinye shi, ba ya kwana. Ga Musulmi ya fi kek kwanciyar hankali, domin kek da kayan kirim a Japan sukan zo da ɗigon giya ko sinadarin daskarwa na alade, sai an karanta takarda ko an tambaya. Yaron ya saba, kafin in miƙa hannu ya riga ya juya bayan leda yana dubawa.

Muka yi sallar Azahar da La'asar a wani lungu kusa da inda aka ajiye mota, a kan darduma da yake yawo da ita a jaka. Zuwa lokacin harshena ya gaji da zaƙi, gishiri kawai yake nema. Direbanmu ya ce haka kowa ke ji, kuma maganin na gaba kaɗan: tashar jiragen ruwa ta Shimizu, inda ake sauke daskararren kifin tuna fiye da ko'ina a Japan, da kasuwar kifi mai gidajen abinci a bakin ruwa.

"Kawu, ɗanye fa suke ci," in ji yaron, yana kallona ta madubi.

Na ce su ci ɗanyensu, ni a gasa mini nawa, kuma tunda shi ya biya kuɗin gona, na kifi a aljihuna yake.